Yadda Aka Kwantar da Nagoggo

Litinin, farkon Rajab 1424, bayan La'asar

Yau aka ba Maigida gado a asibitin kuɗi, jibi Laraba za a yi aikin. Ƙullutun da ke bayan gwiwarsa ta hagu, wanda ya fara bara kamar ƙwan zabo, yanzu ya kusa kai lemon zaƙi. Tun kafin damina ya daina zaman tahiya, sai dai ya miƙe ƙafar. Abokansa dillalan shanu na kara sun sa masa suna Mai Ƙafa Uku saboda sandar. Yana dariya, amma na san abin yana ci masa rai.

Mai ba da allurar barci ya zo duba shi. Sunansa Kalilu, Babarbare ne. Yana shigowa ya ce, "A'a, Bafulatani! Yau ka faɗo hannun ubangidanka."

Maigida ya ce, "A sauya min wani. Babarbare ko ɗan akuya bai iya kayarwa ba, balle ni."

Suka yi ta yi har mai gadon kusa ya riƙe ɗinkinsa don dariya. Sannan Kalilu ya ja kujera ya yi bayani. Ya ce tunda ciwon a baya yake, rub da ciki za a kwantar da shi. Za a yi masa allura a gadon baya ƙafafun su mutu, a kifa shi, a sa matashi a ƙirji da ƙugu don cikin ya samu wurin numfashi, a juya fuskar gefe, a ƙara masa ɗan maganin barci. Ya ce, "Abin da nake tsoro ɗaya ne. Mutum a kife, yana barci, idan abu ya taso masa daga ciki, hanyar iska zai bi, kuma kafin a birkito shi an makara. Don haka daga Isha'in gobe kada ya sa komai a baki. Ko ruwa. Malama, ke nake ba amana." Ni ya kalla. Na ce to.

Yaya Abdulbaƙi, wan Maigida, bai ji daɗi ba. Ya ce rub da ciki kwanciya ce da aka hana, yanzu da aka dawo da shari'a bai kamata a riƙa kifa Musulmi kamar kwano ba. Kalilu ya ce, "Malam, lalura ce. Kai ka fi ni sanin hukuncinta." Yaya ya shiga jan carbi da sauri.

Talata, bayan Magariba

Na yi masa rubutu a sabon allo, ayoyin waraka kawai, waɗanda nake yi wa matan da nake koya wa karatu idan haihuwa ta zo. Na wanke, ya sha tun rana ba ta faɗi ba, don kada in shiga lokacin da aka hana. Ya ci tuwo kaɗan.

Ya ce, "Malama, idan ban tashi ba, ki ce wa Babarbaren nan ya biya ki shanu." Na ce ya daina irin wannan maganar. Ya ce to, ya daina.

An aiko cewa Goggo za ta taso daga garin Babban Mutum da asuba. Mahaifiyarsa ce, kuma shi ne autanta cikin maza. Saboda yadda take ji da shi ne har yau, da furfurarsa, duk garin Daura Nagoggo ake ce masa.

Laraba, bayan La'asar

Zan rubuta yadda abin ya bi, ba ƙari.

Goggo ta iso da hantsi, Yaya ne ya ɗauko ta, tare da Shatu ƙanwarsu. Yaya ne ya shigo da wata ƙwarya a rufe da faifai, ya ajiye ya fita amsa gaisuwa. Goggo ta dube shi a gado ta ce, "Wayyo, sun rame min da kai tun ba su taɓa ka ba." Ta buɗe faifai. Fura ce da kindirmo, ta dama da kauri.

Na ce, "Goggo, an ce kada ya sa komai a baki."

Ta ce, "An ce, an ce. Wa ya ce? Wanda ya haife shi? Ko rago sai an ba shi ruwa kafin a kai shi ga wuƙa. Kurɓa, ɗan nan, hannuna ya gaji."

Ya dube ni, ya dube ta. Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya mayar mata da hannu ba. Ludayi nawa ya sha, ban ƙirga ba. Shatu ta goge masa gemu, ta tura ƙwaryar ƙarƙashin gado da ƙafa.

Da suka zo da gadon turawa, Kalilu yana gaba. Ya ce, "To, Bafulatani, gaya min gaskiya, ba ka saci nono a ɓoye ba dai? Na san halinku, ba ku iya kwana ɗaya." Kowa ya yi dariya, har Goggo. Maigida ya ce, "Kai dai tura, bawa. Babu." Kalilu ya yi dariya ya tura.

Ina tsaye a bakin ƙofa, Goggo tana gefena. Akwai wani tsagi a siminti da tururuwa ke bi.

Mun daɗe a benci. Sai muka ga nas ta fito a guje ba takalmi, ta koma tana mirgina tukunyar iska. Wani ya fito, wani ya shiga. Babu wanda ya kalle mu.

Laraba, bayan Isha'i

Bai farka ba.

Alhamis, da hantsi

Kalilu ya kira mu ofis, ni da Yaya da Goggo. Yau babu wasa a bakinsa. Ya ce ana tsakiyar aiki Maigida ya yi amai a kife. Kafin su rufe ciwon, su haɗu su birkito shi, su zuƙe abin da ya toshe, ya jima iska ba ta isa kansa ba. Ya ce nono suka zuƙo, da gudajin fura.

Ya ce, "Ina tambaya ne don in san abin da zan gaya wa Allah. Wa ya ba shi?"

Goggo ta ce, "Tambayi Malama mai allo. Ita ta kwana da shi. Ita ke ɗura masa rubutu, mu ba mu san abin da take rubutawa ba."

Kalilu ya dube ni. Yaya yana duban silin. Na buɗe baki, sai na dubi Goggo dafe da sandarta, na rufe.

A waje na ji tana ce wa Shatu, "Kurɓi biyu na fura ya taɓa kashe wa? Da ita na yaye shi." Wato ba ta manta ba. Ko kuma ta manta rabi. Astagfirullah, ban ga zuciyarta ba.

Asabar, bayan Azahar

An sa masa roba a hanci, ta nan ake ba shi kunu da sirinji. Ƙafar kuwa ta yi kyau, likita ya ce ƙullutun ya fita tas. Na ce Alhamdulillahi, don abin godiya ne.

Matan unguwa sun zo dubiya. Biyu daga cikin ɗalibaina sun gaishe ni daga nesa.

Litinin, bayan La'asar

Yaya ya kira ni ƙarƙashin dalbejiyar asibiti. Na rusuna. Ya daɗe yana gyaran murya.

Ya ce, "Murjanatu, ni na ɗauko ƙwaryar nan. Ba sai kin gaya min komai ba."

Na ji wani sanyi ya ratsa ni, na zaci sauƙi ne ya zo.

Ya ce, "Tsohuwa ce. Ranar da ta gane, ba za ta kai azumi ba. Ke kuwa Allah ya ba ki ilmi da haƙuri, kina iya ɗauka. Mutane za su yi surutu su gaji. Ladanki yana wajen Allah."

Na ce, "Yaya, cewa ake yi na yi wa mijina asiri."

Ya ce, "Ni dai ban ce ba."

Na ce to. Ya ce Allah ya yi min albarka, ya tafi masallaci.

Laraba, da safe

Ya buɗe ido! Ina shafa masa mai a ƙafa sai na ga yana kallon fanka. Na yi masa sallama. Idon ya zo kaina ya tsaya, ya wuce. Ba ya magana, ba ya haɗiye yawu sosai. Amma ya tsaya a kaina, wannan na gani da idona.

Juma'a, bayan an sauko

Likita ya ce a kai shi Kano. Goggo ta ce an gama kifa mata ɗa, gida za a kai shi a yi na gida. Yaya ya sa hannu aka sallame mu.

Kafin mu fita Kalilu ya tsayar da ni a gaban gado, ya ce in kalla da kyau. Ya juya Maigida gefen dama, ya tokare bayan da matashi, ya lanƙwasa ƙafar sama ya ɗora a kan wani matashin, ya ɗan sunkuyar da bakin ƙasa. Nan take yawun da ke masa ƙara a maƙogwaro ya zubo a tsumma, numfashin ya yi laushi. Ya sa na yi da hannuna, ya sa na sake ta hagu.

Ya ce, "Kada a bar shi rigingine, harshensa zai koma baya, yawu ya tarar masa. Kada a ba shi komai ta baki, ko cokali ɗaya, ko zamzam ne. Ta roba kawai, kuma a tashe shi zaune tukuna. Idan an kiyaye wannan, yana iya daɗewa, wataƙila ma ya dawo kaɗan."

Sannan ya rage murya ya ce, "Malama, ni ma da wasa na yi tambayar nan. Ban kamata in yi ta da wasa ba." Ya dafa ƙafar Maigida ya ce, "Sai ka zo ka rama, Bafulatani." Ya fita da sauri.

Lahadi, bayan Magariba

An sa shi a ɗakinsa. Goggo ta shimfiɗa tabarmarta a gefen katifa, Shatu a bakin ƙofa.

Ina juya shi, in fita ɗebo ruwa, in dawo in tarar an mayar da shi rigingine, an jera masa hannuwa. In sake juyawa. Haka muka wuni, sai da yamma Goggo ta ce, "Ke, wai me kike nufi? Kin karkata min shi dama, fuska gabas, kamar wanda aka sa a kabari. Gaggawa kike yi?"

Na ce, "Goggo, kwanciyar dama sunna ce. Kuma ki saurari numfashinsa, ya fi sauƙi."

Ta ce, "Ji Malama za ta koya min sunna. Fuskar ɗana nake son gani, ba ƙeyarsa ba."

Na ce to ta dawo da tabarmarta ta wannan gefen. Shatu ta ce, "Oh, yanzu ke za ki gaya mata inda za ta zauna a gidan ɗanta?"

Idan yana rigingine, ƙarar kamar ana zuƙar ƙarshen koko da tsinke. Su suna cewa minshari ne, barci yake samu.

Talata, da hantsi

Na je wanka na fito, babu robar. Shatu ta ce shi ya fizge. Hannunsa ba ya ɗaguwa daga katifa, amma ban gani ba, ba zan ce ba.

Goggo ta ce gara haka, mutum ba tulu ba ne da za a riƙa ɗura masa ta hanci. Na roƙi Yaya a kira Kalilu ya mayar. Ya ce Goggo ta rantse Babarbaren nan ba zai taka gidan ba. Na ce to a kira wani. Ya ce zai duba.

Ta ba shi ruwan zuma da cokali. Ya ƙware har fuskarsa ta yi duhu. Na ture hannun Shatu na juya shi na bubbuga baya, ya dawo. Cokalin ya faɗi. Ban san na ture da ƙarfi ba.

Laraba, bayan La'asar

Zazzaɓi.

Alhamis, bayan Azahar

Yaya ya tara mu a tsakar gida. Ya ce don a zauna lafiya, daga yau Goggo da Shatu ne za su yi jinya, ni in riƙe girki da wanki. Kada in shiga ɗakin sai an kira ni. An kuma ce in kawo alluna da tawada, Shatu ta kai su zaure ta kulle.

Fadila 'yata ta zo daga Baure da goyonta, ta tarar da zancen. Ta bi ni madafi ta ce, "Umma, wallahi ko ki faɗa ko ni in faɗa. Shatu da bakinta ta gaya wa matar Kawu furar waye."

Na ce, "Goggo Shatu za ki ce. Ita kuwa tsohuwa kakarki ce, ba za ki tsaya a gabanta ki faɗi wannan ba."

Ta ce, "To Baba fa? Shi ba ubana ba ne?"

Na ce ta miƙo min muciya. Ta yi kuka, ta koma kafin La'asar don mijinta bai ba ta kwana ba.

Asabar, da safe

Na tare Yaya a zaure yana shirin fita. Na durƙusa har ƙasa, abin da ban yi wa kowa ba tun rasuwar mahaifina.

Na ce, "Na ɗauka, Yaya. Ku ce ni ce, ku ce asiri ne, ku faɗa a masallaci ma. Ba na neman a wanke ni. A bar ni in riƙa juya shi kawai. Ba zan yi magana ba, in juya in fita. Kuma a daina cokalin."

Ya ce, "Idan na ce ta daina ba shi ta baki, za ta tambaye ni dalili. In ce mata me?"

Na ce, "Ka ce likita ya hana."

Ya ce, "Wancan karon ma likita ya hana. Kina ganin ba za ta haɗa ba?"

Ya sa takalmi. Ya ce rai a hannun Allah yake, ba a gefen dama yake ba, ba a hagu ba, kuma mai ilmi kamata ya yi ta fi kowa sanin haka.

Asabar, bayan Azahar

Goggo ta shiga bayi, Shatu tana barci. Na shiga na juya shi. Bakinsa duk ya bushe da kunu, na goge. Jikin kamar garwashi. Idon ya zo kaina. Na karanta masa Fatiha a kunne, ban kai ƙarshe ba na ji sandarta.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Shatu, tashi ki gyara shi, kuma a nemo kwaɗo a sa wa ƙofar nan."

Lahadi

Bangon madafi da na ɗakinsa ɗaya ne. Ina jin sa. Na tuƙa tuwo, na kwashe, na yi miya. Ina jin sa.

Geron bayan gida ya yi kai, tsuntsaye sun sauka, babu mai kora.

Litinin, bayan La'asar

Ni na dama kunun. An ce in dama, na dama, na yi shi da ruwa-ruwa ko zai fi sauƙin wucewa. Ban sani ba ko da kauri ya fi. Babu wanda zan tambaya.

Shatu ta karɓa a bakin ƙofa. Na koma na tsaya jikin bango. Na ji Goggo tana cewa, "Haɗiye, ɗan albarka. Ɗaya kuma. Yauwa, na Goggo." Na ji tarin. Na ji ta ce, "Ɗaya kuma, ka ga ƙarfi zai zo." Daga nan tarin ya tsaya, wata ƙarar ta fara.

An sa wa ƙofar sakata ta ciki. Na buga, na kira Shatu da sunanta, na kira Goggo. Ban taɓa sanin muryata tana kai haka ba, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Da aka buɗe na juya shi, na sa yatsa na kwaso abin da na iya, na bubbuga. Na yi ta bubbugawa har Yaya ya zo ya ce a riƙe ni.

An kai shi bayan Azahar.

Talata

An ba ni tabarma a ɗakina, na fara takaba. Masu gaisuwa suna wucewa ɗakin Goggo. Wasu suna leƙowa su ce "ya haƙuri" daga bakin ƙofa. An ce Kalilu ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya.

Laraba, ranar sadakar uku, bayan Magariba

Bayan an watse daga addu'a Shatu ta zo ta ce Goggo tana kira. Ɗakin cike da mata, na Babban Mutum da na Baure da na unguwa, har da ɗalibaina. Aka matsa min na durƙusa a tsakiya.

Goggo ta rame ƙwarai a kwanakin nan, idonta ya faɗa. Tana gaya musu cewa abin da ke sanyaya mata rai ɗaya ne, ɗanta bai tafi da yunwa ba, da hannunta ta ba shi na ƙarshe. Mata suna cewa Allah sarki, uwa ke nan.

Sai ta miƙo hannu ta kama nawa. Hannun ba nauyi, kamar kara.

Ta ce, "Murjanatu, Malam yayanku ya yi min nasiha, ya ce kada in tafi kabari da riƙo. Ku zama shaida. Abin da kika yi wa ɗana, da sani ko ba da sani ba, tsakaninki da Allah. Ni dai na yafe miki."

Ɗakin ya ɗauki kabbara. Wata ta fashe da kuka ta ce ba ta taɓa ganin zuciya irin ta Goggo ba. Yaya yana tsaye a bakin labule, ina ganin ƙafafunsa. Fadila ta yunƙura daga lungu, na dube ta, ta koma ta zauna.

Suka zuba min ido suna jira. Shatu ta ce, "Ba ki ji ba ne? Magana ake yi miki."

Goggo ba ta saki hannuna ba. Tana kallona, ba ta ƙiftawa.

Na ce, "Na gode, Goggo."